Kurakuran da muke yi wajen riƙe lamba a ka

Ana karanto maka lambar asusu mai alƙaluma 10 ta waya, kana ta nanatawa kana laluben biro, sai wani ya yi sallama. Kafin ka gama amsawa, rabin lambar ta gudu. Laifin na dogaro da baki kaɗai ne. Abin da mutum zai iya riƙewa ta hanyar nanatawa bai wuce abin da zai furta cikin kusan daƙiƙa biyu ba, ga shi mu Hausawa daga ɗaya har tara kowace lamba gaɓa biyu ce. Sinawa, da lambobinsu ke da gaɓa ɗai-ɗai, sukan riƙe jeri mai tsawo fiye da masu Turanci ma.

Maganin shi ne ido ya taya baki aiki. Tun 1974 masana ilimin ƙwaƙwalwa Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana cewa ma'ajiyar sauti daban take da ta hoto da wuri a ƙwaƙwalwa. A 2010 kuma Stephen Darling da Jelena Havelka suka gano mutane sun fi tuna lambobi idan an nuna musu su a kan tsarin madannan waya, maimakon a riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya a wuri guda. To ka zana madannan a zuciyarka, yatsa ya bi hanya: 2580 layi ne miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, 159 kuma karkatacce. Amma don Allah kada ka mai da irin waɗannan lambar sirrinka, su ɓarawo ke fara gwadawa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne cakuɗa tsari. Waya 1, 2, 3 ne a samanta, kalkuleta da madannan lambobi na kwamfuta kuwa 7, 8, 9. Na taɓa tsayawa gaban kwamfuta ina shigar da lambar sirrina, yatsana na bin hanyar da ya saba a waya, sau biyu ana ce mini ba daidai ba, har gabana ya faɗi. Binciken da ya biyo bayan na Darling da Havelka ya nuna tsarin da mutum ya saba da shi ne ke taimako. In an hargitsa madannan, amfanin ba ya samuwa. Ka zaɓi guda, ka tsaya a kansa.

Sai masu haɗiye alƙaluma 11 na lambar waya a loma ɗaya. Nelson Cowan a 2001 ya ce abin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka lokaci guda kusan dunƙule huɗu ne. Ka yanka ta huɗu, uku, huɗu, in mai karanto maka ya zo da nasa yankan daban, ka roƙe shi ya sake bisa naka.