Kafin ku saki mutum-mutumin shara a cikin gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin sayen mutum-mutumin nan da ke share ɗaki da kansa, ku fara duba ko yana da kyamara. Da yawansu suna zana taswirar gida, ɗaki bayan ɗaki, su aika wa kamfanin ta intanet. Mai kyamara kuwa har mutanen gidan yake gani.

Ba zargi ba ne kawai. A 2022 aka bankaɗo cewa hotunan da wasu na'urorin shara na gwaji masu suna Roomba suka ɗauka a 2020, har da na wata mata a banɗaki, sun ɓulla a Facebook. Kuma ba ɓarayi ne suka sace su ba, ma'aikatan da aka ba aikin tantance hotunan ne suka yaɗa. A 2024 ma, masu kutse sun ƙwace wasu na'urorin shara na kamfanin Ecovacs a Amurka, suka riƙa zagin masu gida ta lasifikar na'urar.

In shara kawai kuke so, a ganina marar kyamara ya wadatar. In kun riga kun sayi mai kyamara, ku ba shi kalmar sirrin da ba ku amfani da ita a wani wuri, ku ɗora shi a kan Wi-Fi na baƙi, ba wanda wayoyinku da kwamfuta suke kai ba, kuma kada ku yi sakaci da sabunta manhajarsa. Ɗakin kwana da banɗaki, ku rufe ƙofa. Layin iyaka da ake ja masa a taswirar cikin manhaja yana hana shi shiga ne, ba ya hana shi leƙe.

Ranar da za ku sayar ko ku kyautar da shi, ku goge taswirar, ku cire shi daga asusunku, ku mayar da saitinsa yadda ya fito daga kamfani.