Yadda ake gwada ragowar ibamektin a nama da ELISA

Kafin ka buɗe kwalin gwajin, riƙe wannan: a irin wannan ELISA (gwajin da ke auna magani ta kaurin launi), ibamektin (maganin tsutsotsi da ake ba dabbobi) da ke cikin nama da wanda aka liƙa wa enzayim (sinadarin da ke sa launi ya fito) suna rige-rigen kama antibodi ne, wato furotin da ke cafke maganin a ramukan farantin gwaji. Launi ya yi kauri, magani kaɗan ne; ya dushe, magani da yawa. Saboda haka duk abin da ya raunana antibodi zai fito maka kamar magani, ko da naman tsaf yake. Nan sababbin hannu ke faɗuwa.

Ɗauki hanta ko kitse, don can ibamektin ke zama. Iyakar da Codex (hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya) ta sa ga shanu ita ce maikurogiram 800 a kilo na hanta, 400 a kitse, 30 a tsoka.

Niƙa samfurin ya yi laushi, auna giram 2, zuba asetonaitiril (ruwan sinadarin da ke tsamo maganin) gwargwadon takardar kwalin, girgiza sosai, ka sa a sentirifuj (na'urar da ke juyawa ta raba ruwa da tuka). Kwashe ruwan sama, ka wanke shi da sinadarin hekzen don cire maiƙo. Kada ka tsallake hekzen wai don tsada. Maiƙo na manne wa ramukan farantin ya hana antibodi aiki. Sai busarwa da iskar naitirojin, zafi kada ya wuce digiri 50. Kwalbar ta bushe ƙarau. Ɗigon asetonaitiril da ya rage a gindin kwalba ya isa ya dusar da launi, ka ɗora wa mahauci laifin da bai yi ba. In ka karkata kwalbar ka ga sheƙi, ba ta bushe ba. Narkar da busasshen da ruwan bafa (ruwan narkar da samfur) na kwalin.

Fito da sinadarai daga firij su huce zuwa digiri 20–25. A zafin Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska bai dace da aikin nan ba. Kowane samfur rami biyu, haka ma ma'aunan (ruwan kwalin masu sanannen adadin magani). Lallai ka haɗa da nama mai tsabta da ka zuba wa sanannen adadin magani. Shi zai nuna ko haƙarka ta cimma ruwa.

Sauran kuwa bin takarda ne: jira, wanki, TMB (sinadarin da enzayim ke mayarwa shuɗi) a cikin duhu, asid ya mayar da shuɗi rawaya, karatu a nanomita 450.

Samfurin da ya haura iyaka a tura shi LC-MS/MS (gwajin na'ura mai tantance ainihin maganin) kafin a yanke hukunci, domin antibodin kan kama abamektin da doramektin, dangin ibamektin, su ma.