Darasi na 6: Yadda ƙashin yaro yake yin ƙwari

Duk manomin da ya taɓa sayen taki a kasuwar Maradi ya ga haruffa uku a jikin buhu: NPK. Harafin tsakiya, wato P, shi ne fosfor, wanda shuka ke sha a matsayin fosfet. Jikinmu ma yana buƙatarsa, amma ta hanyar abinci. Kusan kashi 85 cikin 100 na fosfor ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori, haɗe da kalsiyam.

Ƙashin jariri da guringuntsi yake farawa. A ƙarshen kowane dogon ƙashi, kusa da gwiwa da wuyan hannu, akwai wani faifai na guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa. Kamar darni ne da ake jiran a yi masa yaɓe: kalsiyam da fosfet su ne lakar. In sun iso da yawa sai su haɗu su daskare, wurin ya zama ƙashi. In ba su iso ba, guringuntsin ya yi ta kumbura ba ƙwari, yaro ya taka, ƙafa ta lanƙwashe.

To, ta ina fosfet ke isowa? Ƙaramin hanji ne ke tsotse shi daga abinci ya zuba a jini, bitamin D na taimaka masa, shi bitamin ɗin kuwa fata ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Daga nan jini ya bi ta ƙoda. Ƙoda tana tace fosfet, sannan ta mayar da mafi yawansa cikin jini, kada ya zube a fitsari.

Gero da dawa da wake da gyaɗa duk suna da fosfor, sai dai a ɗaure yake cikin wani sinadari na ƙwayar, wanda kuma yake riƙe kalsiyam ya hana hanji sha. Jiƙa gero ya kwana, da barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, suna sassauta wannan ɗauri. Iyayenmu mata sun daɗe suna yi, kada a bari don gaggawa. A ƙasashenmu kalsiyam ne ya fi yin ƙaranci. Binciken da aka yi a Jos ta Najeriya, aka buga a 1999, ya nuna yara masu ƙafar baka sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D kaɗai. Don haka furar yaron da aka yaye ta samu nono sosai, ko na saniya ko na jar akuyarmu ta Maradi. A ƙara da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, da miyar kuka da zogale.

Akwai kuma yaran da suke ci su ƙoshi amma ƙafa ta ƙi miƙewa, domin ƙodarsu na zubar da fosfet. Galibi wannan gado ne. A irin da ya fi yawa, uban da ke da shi yana ba duk 'ya'yansa mata, ba ya ba maza. Uwa kuwa tana iya ba kowanne. Irin yaran nan ba sa tsawo, haƙorinsu na yin ƙurji ba tare da ya ruɓe ba. Bitamin D na yau da kullum ba ya warkar da su, sai an auna jini an ba su magani na musamman. Abin yana min ciwo idan na ji ana zargin uwa da sakaci a kan wannan.

Aikin gida: ku riƙe wuyan hannun yaronku, ku duba ko ya yi kauri. Ku shafa haƙarƙarinsa ko za ku ji ƙulli-ƙulli a jere. Ku taɓa maɗiga, wadda ya kamata ta rufe wajen wata 18. 'Yar lanƙwasa a ƙafar mai koyon tafiya ba komai ba ce, amma in ya wuce shekara 2 tana ƙaruwa, ko ya yi gwame mai tsanani, ku kai shi likita da katinsa na awo.