Yadda za ka bi sawun ƙuri'arka a shafin IReV

Ni ba na sauraron kukan maguɗi daga bakin wanda ya dangwala ƙuri'a ya wuce gida cin tuwo. Tun watan Agustan 2020 hukumar zaɓe INEC ta buɗe shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa. Sai dai shafin ba zai amfane ka ba in ba ka da abin da za ka gwada shi da shi.

Fara da katin zaɓenka. A jikinsa akwai jerin lambobi kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Rubuta su a takarda, domin rumfuna sun haura dubu 176, kuma a firamare ɗaya sai ka tarar da uku ko huɗu masu suna kusan iri ɗaya.

Ranar zaɓe ka cika waya da caji, ka tsaya har a ƙirga. Jami'in rumfa, galibi ɗan bautar ƙasa, zai cika takardar sakamako mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ya karanta a bainar jama'a, ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. Kwafin da aka manna a bango, ɗauke shi hoto, lambar rumfa ta fito sarai. In magariba ta yi, a haska maka da tocila. Hoton da ba ya karantuwa aikin banza ne.

Daga nan sai ka shiga shafin, ka zaɓi irin zaɓen, ka bi jiha har zuwa rumfarku. Ka duba ƙuri'un kowace jam'iyya, da waɗanda suka lalace, da adadin mutanen da aka tantance. Wannan na ƙarshe shi na fi sa wa ido: in ƙuri'u sun zarce waɗanda aka tantance, doka ta ce a soke zaɓen rumfar.

Kada ka ɗauka shafin ba ya gardama. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 sakamako ya yi ta jinkirin hawa, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin kallo ne, ba da shi ake tattara sakamako ba. Saboda haka in ka ga saɓani, ɗauki hoton allon wayarka, ka haɗa da na bango, ka miƙa wa wakilin jam'iyyarka ko masu sa ido irin su Yiaga Africa tun kafin a kai takardu cibiyar tattarawa ta ƙaramar hukuma.