Yadda muke harba rokar ruwa a Tudun Wada

Ranar 16 ga Maris 1926 masanin kimiyya Robert Goddard ya harba rokarsa mai aiki da fetur da ruwan oksijin a wata gona a Amurka. Mita 12 kacal ta tashi, bayan daƙiƙa 2.5 ta faɗo cikin kabeji. Duk ranar da ɗalibaina suka ɓata rai wai tasu ba ta yi nisa ba, labarin da nake ba su ke nan.

Mu ruwa ne man rokarmu. Samo gorar lemo mai gas ta lita 1.5. Ta ruwan sha ba ta da ƙwari, fashewa take yi. Je wurin mai faci ya yanko maka bawul ɗin tsohon tub na babur, ka nemi toshiyar roba a Panteka wadda za ta kama bakin gorar gam, ka huda ta ka soka bawul ɗin. Sai famfon keke mai doguwar tiyo.

Bakin gora ne ke kallon ƙasa, saboda haka nan kusa za ka manna fikafikai uku na kwali da salatif. A gindinta, wanda yanzu ya zama kai, ɗaure ɗan curin yumɓu. In babu wannan nauyin, wuntsila gudidi za ta dinga yi a sama.

Wurin zuba ruwa yara suka fi yin gardama. Kashi ɗaya cikin uku ya isa. In ka cika ta, nauyi ya danne ta. In ka rage da yawa, iska ta fice fuu ba abin da za ta tura. Iskar da ka matse ce ke koro ruwan ƙasa da ƙarfi, ruwan kuma ya ingiza gorar sama. Dokar Newton ta uku ke nan, wadda ta ce duk abin da ka tura shi ma zai tura ka da ƙarfi iri ɗaya, ga ta a fili tana jiƙa maka wando.

Toshe bakin da toshiyar, haɗa tiyon famfo da bawul ɗin, kafa gorar tsakanin bulo biyu, kowa ya ja baya, kada wanda ya leƙa ta da fuska. Buga famfo har toshiyar ta ɓalle da kanta.

Abin da ban yarda da shi ba ko kusa: albarushi, kan ashana, fetur. Max Valier, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar roka ta Jamus a 1927, injin da yake gwadawa ne ya fashe ya kashe shi a 1930. Kuma a Kaduna ƙarar fashewa ba abin wasa ba ce. Ko na ruwan ma, nakan fara sanar da mai unguwa, ba ma kuma kusantar wajen Mando inda jirage ke tashi.

Ku riƙe littafin rubuta sakamako. Wata ƙungiyar masu sha'awar roka da aka kafa a Ingila a 1933 doka ta hana ta harba komai, sai 'ya'yanta suka duƙufa kan lissafi har suka zana jirgin zuwa wata. Yaro ɗaya ya riƙe agogon waya daga tashi zuwa faɗowa: daƙiƙa 4 na nufin ta tashi sama kusan mita 20. A rubuta yawan ruwa da bugun famfo nawa aka yi. Lokacin hunturu ku fito da sassafe kafin iska ta taso, in ba haka ba a rufin maƙwabta za ku tsinci gorar.