Yadda za ku kare fatar yara daga rana in kun zo hutu Tawa

Yaran da suka tashi a Yamai, daga gida sai makaranta, su rana ta fi yi wa illa idan aka kawo su Tawa wajen kakanni a babban hutu. Iyaye da yawa na cewa baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, ja ne kawai ba ta nunawa. Da dare za ku ga yaro ya ƙi a taɓa masa kafaɗa, bayan ƴan kwanaki fatar ta fara saɓa.

Ku fara tun daga mota. Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutse da Ƙonni, kuma yara wajen taga suke so. Gilashin gefe ba ya tare dukan hasken da ke cutar da fata, don haka a ja labule ko a maƙala zane.

Idan kun iso, ku tsara musu yini. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi kaifi. Ku koya musu duba inuwarsu: in ta fi su gajarta, a koma rumfa. Hutun nan da damina yake zuwa, kuma hadari na yaudarar mutane, domin hasken da ke ƙona fata yana ratsa gajimare.

Sai sutura. Rigar auduga mai dogon hannu, wadda in kun ɗaga ta ga haske ba ku hango komai ta ciki. Hula kuwa malfa, ba wata ba. Hana-salla tana barin kunnuwa da ƙeya a fili, malfa kuma ga ta a kasuwa da araha.

Yanzu ga inda na ga an fi kuskurewa, wato man kariyar rana. Ku saya a farmasi, mai lamba SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko fiye, wanda aka rubuta UVA da UVB a jikinsa, wato nau'o'in hasken rana biyu da ke cutar da fata, kuma ku duba ranar lalacewarsa. Na kan tebur da ya yini a rana ku bar shi. Yana da tsada, shi ya sa uwa ke ɗan lakato shi da yatsa ta murza wa yara uku, ta ce an gama. Wannan asarar kuɗi ce. Gara sutura ta rufe yawancin jiki, man ya wadaci wurin da ya rage. A shafa shi minti 15 zuwa 30 kafin fita, a kan busasshiyar fata, da yawa har sai kun ga fari kafin ya shige. Ku bi saman kunne, ƙeya, karan hanci, bayan hannu, da saman ƙafa tunda silifa suke sawa. Yarinya a bi tsagar kitsonta. Namiji kuma, idan Kaka ta ce a kai shi wajen wanzami ranar da ya iso, ku ce mata: "Inna, a yi haƙuri a rage masa kawai." Kan da aka aske tas, wanda bai saba da rana ba, shi ne farkon ƙonewa.

Shafawar safe ba ta kaiwa azahar. Duk bayan awa 2 a sake, kuma duk lokacin da gumi ya jiƙa yaro ko ya shiga ruwa, ko da an rubuta cewa ruwa ba ya wanke man. A bakin tafkin Tabalak na ga yaran da aka shafa wa mai tun a gida, suka yini suna wasa a bakin ruwa, kwalbar tana can cikin jaka a mota. Ruwa da yashi suna maido da haske sama, sai ya doki fuska ta ƙarƙashin malfa. Ni dai ba na barin yaro ya shiga ruwan tafki, saboda tsargiya. Man kaɗe da basilin suna da kyau bayan wankan dare, amma ba su tare rana.

Jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ce kariyarsa. In an goye shi a riƙe lema, kada a lulluɓe masa kai da zane mai kauri, zafi zai yi masa yawa. Yaro zabiya kuma SPF 50, da malfa da tabarau kullum, domin rana na jawo musu sankarar fata.

Idan an riga an ƙone, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, a ba shi ruwa ya sha sosai, kada a fasa bororo. In da zazzaɓi ko amai ko jiri, a kai shi likita nan take.