Ku ɗumama ƙaho kafin ku saita shi

'Yan'uwa masu haɗa mawaƙa da 'yan badujala a taron waƙoƙin Kirsimeti, kada ku saita muryar ƙaho da ta kibod alhali ƙahon yana da sanyi.

Masu busa su yi minti 10 suna hura shi tukuna.

Ƙaho mai sanyi muryarsa ƙasa take yi, wato ta ɗan yi kauri, in ya ɗau ɗumi sai ta hau. Kibod kuwa ba ruwansa. Shi ya sa a hunturun Jos, kafin waƙa ta uku sai ka ji sun rabu.

Muryar ƙahon ta hau? A ɗan zaro bututun saitin. Ta sauka? A tura shi ciki.

Sai dai in wa'azi ya yi tsawo, ƙahon zai sake hucewa. Su riƙa hura iska a ciki, shiru, kafin su tashi.